Hancin Hushang Mai Shinkafa

A kasuwar birnin Rasht, in ka ce kana neman Hushang mai shinkafa, ba wanda zai tsaya yi maka kwatancen layi. Cewa za a yi ka miƙe har ka hango hanci, mai shi yana nan a bayansa. Hanci ne na gado, dogo, mai doro a tsakiya, irin wanda ubansa da kakansa suka yi yawo da shi har kabari ba su taɓa jin kunyarsa ba. Kuma ba girman banza ba ne. Hushang zai damƙi shinkafa, ya hura mata numfashi a tafin hannu, ya kai hanci, ya gaya maka ta bana ce ko ta bara, an sirka ta da ta waje ko tsantsa ce. Da wannan hanci ya ci, ya ciyar da matarsa Mahin, ya aurar da 'yarsu Gelare.

Shi ya sa duk layin ba wanda ya kai shi baki a kan masu gyaran hanci. In yarinya ta gifta da farar filasta a karan hanci, sai ya leƙa rumfar maƙwabcinsa Nosrat mai kifi ya ce, "Ga wata can an fere ta." Lokacin da Gelare ta je aka yi mata nata kuwa, ya daɗe yana gaishe ta kamar baƙuwa. Ta shigo falo ya miƙe tsaye ya ce, "Sannu da zuwa, 'yar mutane. Wa kike nema a gidan nan?"

Amma hancin nan yana da nasa ciwon. Tun wata faɗuwa da Hushang ya yi a filin kokawa yana saurayi, ƙofa ɗaya ta toshe, da ɗaya yake aiki. Da girma ya fara kama shi sai ɗayar ma ta soma yi masa rowa. Ya koma numfashi da baki, ciwon kai ya zama abokin tashi, minshari kuwa har maƙwabta na tambayar Mahin ko injin ban-ruwa suka saya. Mahin malamar lissafi ce da ta yi ritaya, ba ta saba maimaita magana sau uku ba. A karo na biyu ta ɗauki jakarta ta tasa shi gaba zuwa asibiti.

Likita ya leƙa, ya ce ƙashin da ya raba ƙofofin ne ya karkace, sai an yi aiki. Hushang ya bi kasuwa rumfa-rumfa yana shela cewa nasa aikin lafiya ne, na ciki, ba irin na 'yan gayu ba. Ranar aikin, an kwantar da shi, an fitar da iyalinsa, sai likita ya duƙo, ya kira shi da Aga, wato Malam, ya ce, "Aga Hushang, tunda dai za mu shiga, in ɗan taɓa doron nan?"

Hushang ya dubi ƙofa, ya ga a rufe take. Ya yi ƙasa da murya. "Kaɗan. Yadda ba za a gane ba."

Da ba a gane ba ɗin, in da allurar barci tana riƙe sirri. Yana farfaɗowa, ido bai gama buɗewa ba, ya damƙi hannun da ke kusa da shi ya ce, "Likita, doron ya tafi? Na yi kyau?"

Hannun Mahin ne. Gelare tana tsaye a ƙafar gado, sai da ta fita waje ta dafa bango don dariya.

"Ka yi kyau, Aga," in ji Mahin, fuskarta ko gezau. "Kwanta. Amarya ba ta yawan magana."

Kwana biyu da komawa gida fuskar Hushang ta zama abin kallo. Ƙarƙashin idanunsa ya yi shuɗi, ya koma baƙi, kumatu suka cika kamar an hura. Hancin kansa yana cikin wani ɗan kwano mai tauri da aka manne da filasta, an cusa masa auduga, ga wani ƙyalle a ƙarƙashi yana tare abin da ke ɗiga. Harshensa ya bushe kamar soso. Likita ya hana shi kwanciya shimfiɗe, don haka aka jera masa matasai yana kwana a zaune kamar mai jiran mota. An hana shi sunkuyawa, salla ma a kujera yake yi. An hana fyace hanci. In atishawa ta zo, da baki buɗe zai yi ta. An hana ɗora tabarau a karan hanci, sai Gelare ta samo dabara, ta manna masa shi a goshi da filasta, gilasan suna reto a gaban ido.

"Haka na yi lokacin nawa, Baba," ta ce tana danna filastar. "Ka ga amfanin 'yar mutane."

Abin da ya fi ci masa rai shi ne abinci. Mutumin da bai san cin shinkafa ba sai da ƙwan kifi mai gishiri da tafarnuwa 'yar tsami a gefe, aka ce ba gishiri, ba yaji, ba mai zafi, ba abin da sai an tauna da ƙarfi. Sai abarba. Duk wanda ya zo dubiya da abarba yake zuwa, wai tana sauke kumburi. Wani ya kawo ɗanya, wani ta gwangwani, wani ruwanta a kwali. Firij ya cika, aka fara jerawa a kan taga.

Nosrat ya zo da tasa abarbar a hammata. Ya tsaya a bakin ƙofa ya daɗe yana kallon abokinsa, sannan ya juya ga Mahin, ya kira ta da Hanum, wato uwargida.

"Hanum, ki gaya mini gaskiya. Da me kika buge shi?"

"An hana shi dariya, Aga Nosrat. Ɗinkin zai iya motsi."

"Ai ba dariya na zo ba shi ba, ta'aziyya na zo." Ya zauna, ya cire hula ya ɗora a gwiwa. "Allah ya ji ƙan doro. Mun yi zaman maƙwabtaka lafiya. Ko ruwan sama ake, a ƙarƙashinsa nake fakewa."

Hushang ya riƙe leɓensa na sama da yatsu biyu, kafaɗunsa suna rawa, hawaye na bin kumburin. Ta tsakanin haƙora ya ce, "Aikin lafiya ne, ɗan banza."

"Na sani, na sani. Duk kasuwa ma ta sani. Gelare ta yi mana bayani dalla-dalla."

Da aka cire kwanon da audugar, likita ya miƙa masa madubi. Hushang ya duba, ya mayar, ya sake karɓa ya duba. Doro dai babu, amma abin da ya rage ya kumbura ya yi suntum kamar dafaffen dankali, ya fi na da faɗi. Ya taɓa kan hancin, bai ji komai ba, kamar hancin wani yake taɓawa.

"Kumburi ne," in ji likita. "Zai riƙa sauka a hankali. Ainihin siffarsa sai an kusa shekara. Ka ci gaba da ɗaure shi da filasta."

"Da filasta? In fita kasuwa?"

"Kowa ma haka yake fita."

Wannan kowan shi ne abin da Hushang yake gudu. Amma ba a nan babbar damuwar take ba. Wata ranar da hantsi yana zaune a falo, yunwa ta dame shi, ya ɗaga murya da irin kiran ƙaunar da yake yi mata ya ce, "Mahin jan, yau ba za a ɗora girki ba ne?"

Mahin ta leƙo daga kicin da ludayi a hannu, idonta yana hawaye. Bayanta hayaƙi ne ya turnuƙe. Yalo take gasawa a kan wuta, ga tafarnuwa tana soyuwa a kasko, irin ƙamshin da kan sa mai wucewa a titi ya rage sauri.

"Wasa kake yi?" ta ce.

Ba wasa yake ba. Ya tashi ya shiga kicin, ya tsaya a kan kaskon. Iska tana shiga hancinsa ta ƙofa biyu, sakayau, yadda bai taɓa ji ba tun yana saurayi, amma iska ce kawai. Ya buɗe kwalbar tafarnuwa 'yar tsami. Ya buɗe gwangwanin ganyen shayi. Ya je ya kwance buhun shinkafar gida, ya damƙa, ya hura, ya kai hanci. Babu. Ya daɗe tsaye da shinkafar a hannu, sannan ya mayar da ita a hankali, ya ɗaure bakin buhun.

Ran nan Mahin ba ta zolaye shi ba. Ita ta kira likita, ta sa wayar a tsakaninsu. Likita ya ce ana samun haka, kumburin ciki ne ya tare hanya, zai dawo.

"Yaushe?" in ji Hushang.

"Wasu makonni, wasu watanni. Ba a yi masa alkawari."

Ga shi kaka ta kama. Motocin a-kori-kura shuɗaye sun fara shigowa daga ƙauyuka da sabuwar shinkafa, kuma wanda bai saya yanzu ba ya yi asarar shekara. Hushang ya ɗaura filastarsa, ya ja hula har gira, ya fita. Tun daga bakin layi aka fara yi masa barka. Mai zaitun ya yi guɗa. Mai ƙwai ya tambaye shi lambar likitan, wai don ƙanwar matarsa. Ya haɗiye duka, domin ba wanda ya san ainihin abin da ya rasa, kuma ya ƙudura ba za a sani ba.

Dillalai suka zo, ya riƙa yi musu yadda ya saba. Ya damƙa, ya hura, ya kai hanci, ya lumshe ido, ya gyaɗa kai. A ɓoye kuwa da ido da haƙori yake aiki, yana duba tsawon ƙwaya, yana ɗan gutsura. Ya yi kwanaki yana tsira da haka. Sai wata tsohuwa da ta daɗe tana sayayya a wurinsa ta dawo da ƙullinta, ta dire a kan sikeli.

"Aga Hushang, tun kana da gashi nake saye a nan. Yau ka ba ni shinkafar da ta kwana da jarkar kananzir?"

Ta faɗe shi a hankali, amma kunnen Nosrat ba ya barci. Hushang ya ba ta haƙuri, ya canza mata, ya sa aka ja buhunan baya. Da ya koma gida bai taɓa abinci ba, duk da an fara saka masa gishiri.

Washegari ya gama ɗaure takalmi ya ɗago, ya ga Mahin tsaye da mayafinta da laima.

"Ina zuwa?"

"Shago."

"Wane shagon?"

"Kana da biyu ne? Za mu ce na zo kula da lokacin maganinka. In dillali ya zo, ka yi abinka na lumshe ido, ni kuma zan ɗan taɓa buhun kamar mai son kallo. In mai kyau ce, zan kawo masa shayi. In ba ta da kyau, zan tambaye shi lafiyar mahaifiyarsa."

"Hanum, shinkafa ba lissafi ba ce. Shekara talatin na yi kafin..."

"Ni kuma shekara talatin nake dafa abin da kake kawowa. Wuce mu je."

Haka aka yi. Dillalin farko ya sha shayi. Na biyu ya sha. Na uku, wani dogo mai gashin baki, yana cikin rantsuwa da kabarin ubansa, Mahin ta goge hannu a mayafi ta ce, "Ya jikin Mama kuwa?" Mutumin ya yi sororo, ya ce ai ta rasu tun yana goye. Hushang ya ce Allah ya ji ƙanta, shinkafar dai ba ta yi masa ba. Kafin mako ya zagayo, dillalan ƙauye suna ta yabon matar Hushang, wai ba su taɓa ganin mai zumunci irinta ba, kowa sai ta tambayi uwarsa.

Abin da Hushang bai zata ba shi ne zaman zai yi masa daɗi. Tunda suka yi aure, in ban da kwanakin jinya, bai taɓa wuni da Mahin ranar aiki ba. Ya san ta da safe tana sauri, ya san ta da yamma a gajiye. Bai san tana iya tsayawa da mai saye su yi ta hira a kan ciwon gwiwa har matar ta ƙara kilo biyar ba. Bai san rabin matan da ke shigowa layin ɗalibanta ba ne, suna ganinta suna gyara tsayuwa. Ta kawo ƙaramin risho ta ajiye a bayan buhuna, da azahar ta ɗora tukunya, su ci da zafinsa suna kallon ruwan sama yana zuba daga rufin kwano. Ita take ba shi labarin ɗanɗanon. "Yau na cika tsami," ta ce, shi kuma ya ce ai ya ji, alhali bai ji ba. Nosrat ya kan leƙo a ba shi ƙanzo, Mahin ta biya shi da baƙar magana, shi ma ya samu daidai da shi.

Shuɗin idon ya koma ruwan ɗorawa ya ɓace. Dankalin ya fara saɓewa. Wata safiya ana yayyafi, Mahin ta tsaya gaisawa da wata a bakin layi, Hushang ya riga ta isa. Ya sunkuya zai buɗe kwaɗo ke nan, sai wani abu ya daki ƙwaƙwalwarsa. Ƙarni. Nosrat ne yake juye kwandon kifin jiya. Hushang ya saki makulli ya miƙe. Bayan ƙarnin sai hayaƙin kifi banda, sai jiƙaƙƙen katako, sai burodi daga can ƙarshen layi. Ya buɗe shagon, ƙamshin sabuwar shinkafa ya tare shi a ƙofa. Ya tsaya a ciki, idonsa ya cika.

"Lafiya?" in ji Nosrat daga rumfarsa.

"Kifinka yana wari."

"Yau ka sani?"

Ya juya zai ƙwala wa Mahin kira. Ya hango ta tana tahowa, tana tsallake kwatami, laima a hannu ɗaya, ƙullin ganyen miya a ɗaya, tana murmushin abin da aka gaya mata. Ya tuna cewa in hanci ya dawo, ba sauran dalilin zuwanta. Ya rufe bakinsa.

Ya yi niyyar gaya mata da yamma. Da yamma ya ce sai gobe. Goben ta yi ta haihuwa. Dillali zai zo, Hushang ya kai shinkafa hanci, ya san komai tun kafin ta taɓa buhun, amma ya jira shayi ko gaisuwar uwa. Sau da yawa hukuncinsu ɗaya ne, abin har yana ba shi mamaki. Wahalar ita ce riƙe fuska. Ƙanzo zai fara kamawa a bayan buhuna, yana ji, sai ya dage yana kallon titi har ita ta ankara.

Sanyi ya shigo. Wata ranar Mahin ta tashi shiru-shiru, tana yawan juya baya tana taɓa hanci da hankici. Wajen hantsi wani sabon dillali ya sauke buhuna, ƙwaya doguwa, fara tas, abin sha'awa. Hushang ya damƙa, ya hura, ya kai hanci. Ƙamshi ya yi yawa, kuma a sama yake yawo, bai fito daga cikin ƙwayar ba. An fesa mata turare ne, ƙarƙashinsa tsohuwar shinkafa ce da ta sha ɗaki. Ya saci kallon Mahin. Ta taɓa buhun, ta kai hannu fuska, ta ɗan yi jim. Sai ta juya ta ɗauko kofin shayi.

Hushang ya bi kofin da ido har ya kusa hannun dillalin. Buhu ashirin ne. Ya yi gyaran murya.

"Bawan Allah," ya ce, "ya jikin mahaifiyarka?"

Motar dillalin ta tafi. Mahin ta ajiye kofin, ta zauna, ta fyace hancinta da ƙarfi, yanzu ba ɓoyo.

"Mura nake," ta ce. "Tun jiya ko albasa ba na ji. Na ga ƙwayar ta yi kyau ne kawai."

"Da kin faɗa."

"Kai ne za ka koya mini faɗa?" Ta dube shi ta saman hankicin. "Tun yaushe?"

Ya fara gyara bakin wani buhu da ba abin da ya same shi. "Bai daɗe ba. 'Yan kwanaki."

"'Yan kwanaki. Aga Hushang, tun ranar da ka canza safa ba tare da na yi magana ba na san hancinka ya dawo. 'Ya'yan rumman ma ba su gama nuna ba a lokacin."

"To me ya sa ba ki ce komai ba?"

"Ina jira in ga iya inda za ka kai. Ranar da ƙanzo ya ƙone kana kallon titi, jijiyar wuyanka har rawa take. Da gangan na bar shi."

Daga rumfar kifi aka ji wani ya shaƙe da dariya. Hushang ya ɗaga murya ya ce a kula da kifi, sannan ya dawo ya tsaya a gabanta, yana murza hula a hannu kamar yaron da bai yi aikin gida ba.

"Na ga kamar... in na faɗa, za ki koma gida."

"In yi me a gida? In ƙirga gwangwanayen abarba?" Ta sake fyacewa. "Mutum ya iya gaya wa likita a taɓa masa doro, amma ya kasa gaya wa matarsa ta zauna."

"To ki zauna."

"Ban ji ba. Murar ta taɓa kunne."

"Na ce ki zauna, Mahin jan."

Ta ɗauki shayin da aka zuba wa dillali, ta jefa ƙwayar sukari a baki, ta kurɓa. Ta ce za ta duba. Ranar Talata dai ba za ta zo ba, tana da zama da tsofaffin malamai. Kuma in ana so ta zauna, a samo kujera mai wurin jingina, ita ba buhu ba ce da za a riƙa dire ta a kan buhu. Sikelin nan ma a sake masa wuri, yana tare haske.

Hushang ya ce sikelin tun zamanin ubansa a nan yake. Ta ce ta ga alama. Suna cikin haka wata mata ta shigo da yaro a hannu tana tambayar shinkafar biki, Mahin ta nuna mata mijinta da haɓa, ta ce a tambayi mai hanci, ita yau hutu take. Da la'asar ruwa ya ɗan tsagaita, Hushang ya bar ta da shagon, ya ɗauki laima ya nufi layin kafintoci.